Jakar kwamfuta da tsohon tantin soja: a saya ko a bari?

Zabairu: Salamu alaikum mutanen zaure. Shawara nake nema kafin in fitar da kuɗi. Jakar kwamfutata ta sake tsinkewa a maratayi. Wani abokina a jami'ar Abdou Moumouni ta nan Yamai ya nuna mini tasa, tela ne ya ɗinka masa da tsohon tantin soja, kore mai duhu, ga kauri, an yi mata baki da fata. Ya ce sefa 18,000 ya biya. Ta shiga raina, amma kuɗin ta kasuwa uku ke nan. Telan yana da wani yadin kuma mai dabbare-dabbare irin na kakin soja, shi ma ya fi burge ni. Wa ya san kan abin nan?

Nana Hadiza: Wa alaikumus salam. Dubu 18 a kan tsumman da wasu suka gama moriyarsa? Je Babbar Kasuwa da dubu 6 ka ɗauko sabuwa fil mai aljihu biyar, canjin ka ci shinkafa.

Zabairu: Yaya Nana, ai irin ta dubu 6 ɗin ce ta bar ni tsakiyar gadar Kennedy rungume da kwamfuta a ƙirji.

Malam Idi Tela: Barkanku da hantsi. Tunda sana'ata aka taɓo, bari in sa baki. Nana, ba duka ne tsumma ba, amma akwai tsumma a ciki, kuma nan mai saye ke faɗawa rami.

Tsohon kayan soja iri-iri ne. Akwai tantin auduga, wanda ake ba kowane soja rabi ya ɗauka, in dare ya yi mutum biyu su haɗa nasu da maɓallai su kafa wurin kwana. Akwai doguwar jakar kaya mai baki ɗaya da soja ke saɓawa a kafaɗa. Akwai tampol na rufe kamiyo, da bargon ulu, da yadin laimar sauka daga jirgi. Tanti da doguwar jakar nan su ne suka dace da jikin jakar kwamfuta. Tampol na kamiyo ya cika nauyi, sai dai a yi gindi da shi. Bargo wasu na yin shafi da shi, ni ba na so, ƙura yake tarawa. Yadin laima shi ne shafi na ƙwarai in an samu, ga sulɓi, ba nauyi, kuma in ya ɗan huje ba ya zarcewa da yagewa.

Abin da ya ba tantin auduga suna shi ne saƙarsa. A matse take, kuma zaren murɗaɗɗe ne. In ruwa ya taɓa shi sai zaren ya kumbura ya toshe ƙofofin saƙar, shi ya sa yayyafi ba ya ratsa shi da wuri. To amma auduga ce, tana ruɓewa. Tantin da ya daɗe a ninke a wuri mai laima, ido zai gan shi lafiya lau, ka ja shi ya yage kamar takarda. Ni kafin in saya sai na ɗaga shi ga rana na duba layin ninki, in ɗan tsaga baki da almakashi in ja da hannu biyu. In ya bi hannuna ba gardama, na bar wa mai shi kayansa.

Nana Hadiza: To Malam, wanda ya tarar an riga an ɗinke fa? Ya yage jakar mutane ya gani?

Malam Idi Tela: A'a, ya ce a ba shi ƙyallen da ya rage daga yankan. Telan kirki ba zai hana ba. Ya ja ya gani, sannan ya zare zare ɗaya ya kai ga ashana. Auduga tana ci da wuta ta bar toka mai laushi. Nailan narkewa yake ya dunƙule ya yi tauri. Da yawa cikin abin da ake sayarwa da sunan tsohon tanti sabon yadin roba ne aka rina kore.

Lawali Mai Gyara: Ku ɗan ajiye zancen ƙarfin yadi. Ni kwamfutoci nake gyarawa, kullum ina ganin abin da jaka ke yi musu. Yadi komai ƙarfinsa ba ya hana gilashi fashewa. Yawancin waɗanda ake kawo mini da fasasshen gilashi ko karyayyar kusurwa ba daga sama suka faɗo ba. Dangwarar da jaka aka yi a ƙasa, ko kabu-kabu ya faɗa rami jakar ta bugi ƙarfen baya.

Zabairu, ga abin da za ka duba. Aljihun kwamfutar ya zama a rataye daga ciki, gindinsa ya tsaya santimita 2 ko 3 sama da gindin jakar, yadda in ka ajiye, jakar ce ke taɓa ƙasa. Soson da za a sa kada ya zama na katifa, wannan ka danna shi da yatsa ya ƙare. Mai tauri ake so, wanda ake yin silifa da shi, kaurin milimita 8 zuwa 10. Caja ta samu aljihunta dabam, don kan filogi in ya danni murfi shi ke yi wa gilashi tabo.

Sai awo. Kada ka ce wa tela "inci 15.6 ce" ka tafi. Wannan awon gilashi ne daga kusurwa zuwa kusurwa, kusan santimita 40, ba faɗin kwamfutar ba. Kuma tsofaffin HP da Dell da Lenovo da muke saye na hannu sun fi sababbi kauri. Kai masa ita kanta ya auna.

Zabairu: Madalla, Yaya Lawali. Ta abokina ban ma duba cikinta ba, waje kawai na kalla.

Lawali Mai Gyara: Haka kowa ke yi. Ƙarin abu ɗaya: kore mai duhu rana yake sha. A Afrilu da Mayu, lokacin da Yamai ke haura digiri 40, in ka rufe murfi kawai ka cusa ta cikin soso tana aiki a ɓoye, batirin ne zai biya. Kashe ta gaba ɗaya kafin ka sa.

Ɗan Abijan: Ni dariya nake tun ɗazu. Nana na cewa tsumma, alhali a Turai tsumman nan kuɗi ne. Akwai kamfanin Freitag a Zurik ta ƙasar Siwis, wa da ƙane ne suka fara shi a 1993, da tsohon tampol na manyan motoci da bel ɗin mota da tsohon tib na keke. Yau jakarsu guda tana haura Yuro 200. Ku lissafa, Yuro ɗaya sefa 656, ya zarce dubu 130. A Amurka ma akwai masu yi da tsohon tanti da kakin soja, su manna takarda su rubuta tarihin yadin, mutane na rububi. Bargon sojan Siwis mai jan layi da farin gicciye har nemansa ake. Mu nan an ce dubu 18 muna kururuwa.

Nana Hadiza: Wanda ke sayen ta dubu 130 nawa ne albashinsa? Nan mafi ƙarancin albashi dubu 42 ne. Kada ka kawo mana lissafin Zurik a unguwar Harobanda.

Baduku: Kuma Ɗan Abijan, wa ya koya wa wa? Ka shiga kasuwar Katako ka ga tukwanen da ake zubawa da gwangwanin lemo. Gugan rijiya na tsohon tib, takalmin taya da manoma ke sawa, akwatin ƙarfe na tsohuwar ganga. Tun kafin 1993 muke wannan aiki. Bambancin kawai su sun iya ba shi suna su ɗauki hoto.

Ɗan Abijan: Shi ne ai nake faɗa, Kawu. Sunan da hoton su ne dubu 112 ɗin da ke tsakani.

Bashir: Ni na ji an ce kayan da sojojin Faransa da na Amurka suka bari ne da suka tashi, shi ya sa suka yi yawa a kasuwa.

Hajiya Rabi: Wa ya faɗa maka sun yi yawa, ɗana? Ni gwanjo nake sarowa, kuma ƙaranci ma suka yi. Faransawa sun gama fita a Disamban 2023, Amurkawa a Satumban 2024, amma tantin da Malam Idi ke magana ya girmi wasunku a nan. Hanyarsa dabam ce. Rundunonin Turai in sun sauya kaya sai su yi gwanjon tsoho, dillalai su saye, ya shiga dila tare da riguna da barguna ya biyo jirgin ruwa. Da ta Kwatano muke samu. Tun da iyakar Benin ta rufu a 2023, sai ta Lome, a ratso Burkina a jira rakiya, kwanaki su ƙaru, kuɗin mota ya ƙaru. Kuma ba dila ake yi ta tanti zalla ba. Ka buɗe dila ka samu guda biyu, wata ka buɗe ba ko ɗaya. Mai cewa kayan sansani ne yana so ne ya ƙara maka kuɗi da labari.

Baba Sarjan: Salamu alaikum. Jikata ke rubuta mini, in kun ga kuskure nata ne, ba ta jin magana.

Na yi aikin soja, kuma na daɗe a ma'ajiyar kaya kafin in yi ritaya. Hajiya gaskiya ta faɗa. In kuna son sanin asalin kaya, ku nemi hatimi a ciki ko a kusurwa. Kayan ƙasashen ƙawancen tsaro na NATO suna da lamba mai alƙaluma 13. Huɗun farko nau'in kayan ne, biyun da ke biye su ne ƙasa: 14 Faransa, 12 Jamus, 99 Ingila, 00 ko 01 Amurka. Na Amurka kuma akan ga lambar kwangila. In ta fara da DSA, kafin 1978 ne. In DLA ce, daga 1978 zuwa farkon shekarun 1990, kuma shekarar na nan cikin lambar. Sojanmu da aka kafa a 1961 kayan Faransa ya gada, shi ya sa tsofaffinmu suka san ƙaramar jakar kafaɗa ta sojan Faransa tun kafin a san kwamfuta.

Wannan na ilimi ne. Yanzu ga abin da ya sa na ce yarinyar nan ta ajiye aikinta ta rubuta. Zabairu, ɗana, na ga ka ce mai dabbare-dabbare ya fi burge ka. Ka bar shi. Ɗauki kore zalla ko ruwan ƙasa, ba tambari, ba tuta, ba galo na muƙami, ba suna.

Bashir: Baba, Allah ya ja kwana, amma jaka ai ba kaki ba ce. Abin da doka ta hana shi ne farar hula ya sa kayan soja ya yi sojan gona. Wa zai ga ɗalibi da jakar kwamfuta ya ce soja ne? Duniya duka ana yayin wannan zane, har yara na sa gajeren wandonsa.

Baba Sarjan: Bashir, ba a kan takarda muke gardama ba. Ina Zabairu yake zuwa hutu?

Zabairu: Tawa, Baba.

Baba Sarjan: To. Daga Yamai ka bi Doso, Dogon Dutsi, Ƙonni, sannan Tawa. Shinge nawa ne a hanyar nan? Yaron da ke tsaye a shingen tun asuba, rana ta dake shi, an faɗa masa cewa masu kai hari suna sa kaki su yi shigar jami'ai, kuma gaskiya ne suna yi. Ya leƙo bas ya ga jaka mai zanen soja, da wayoyi da batir a ciki. Ba zai buɗe littafin doka ba, sauke ka zai yi. Wataƙila bayan awa guda a gane ɗalibi ne a ba ka haƙuri, amma bas ta tafi, ko mutum hamsin suna zaginka a ciki. Tun 2015 Diffa ke cikin dokar ta-ɓaci, tun 2017 wasu sassan Tilaberi da na jihar Tawa kanta, su Tasara da Tiliya. Baturen da ke rataya wannan zane a Zurik yaƙi ya yi masa nisa, shi ya sa ya zama masa ado. Mu a ƙofar gida yake.

Bashir: Na ji, Baba. Amma in haka ne kore zallan ma ai launin soja ne.

Baba Sarjan: Kore launin tampol ɗin mai shayi ne ma. Da an yi masa baki da jar fata ya tashi daga kayan bariki. Zanen ne ido ke kamawa daga nesa.

Maman Aisha: Ban cika magana a nan ba, amma wannan ta taɓa ni. Ƙanena soja ne, yana daji yanzu haka. Duk sanda waya ta yi ƙara da dare gabana faɗuwa yake. In na ga saurayi ya sa zanen nan yana ɗaukar hoto a bakin kogi, ba haushi nake ji ba, wani abu ne dai ke tsaya mini a wuya. Tsohon tantin da Bature ya yar ba ruwana da shi, a yi jaka, a yi abin da aka ga dama. Amma a san abin da ake sawa.

Bashir: Allah ya tsare shi ya dawo da shi lafiya, Inna. Ban faɗa don raini ba.

Maman Aisha: Amin. Na sani, ɗana.

Baba Sarjan: Saura ɗaya in bar ku. In wani ya zo muku da sabon tanti ko jaka irin wadda sojanmu ke amfani da ita yanzu, yana cewa araha, kada ku taɓa. Kayan da ke kan aiki ba a gwanjonsa. In ya fito kasuwa, ta bayan katanga ya fito, kuma wani yaro na can yana kwana a fili saboda shi. Tela ma ya kiyaye.

Malam Idi Tela: An taɓa kawo mini, Baba, na ce keken nawa ba ya cin irinsa.

Mai Kula da Zaure: Jama'a, na goge saƙonni biyu da suka karkata zuwa siyasa. Zancen jaka muke. Mai son wancan ya san inda ake yin sa.

Nana Hadiza: To ni har yanzu kuɗin ne bai shige ni ba. Malam Idi, fasa mana dubu 18 ɗin nan mu ga cikinta.

Malam Idi Tela: Ban san na wancan telan ba, nawa zan faɗa. Yadin kansa ba shi ne mai tsada ba, rabin tanti mai lafiya yana fitar da jaka biyu, wani lokaci uku in ba a yi asarar wuraren da suka huje ba. Kuɗin na tafiya ne a abubuwan da ido ba ya zuwa. Zif na kirki, YKK mai lamba 8 ko 10, ba wanda ake sa wa siket ba. Zaren nailan, domin zaren auduga gumi da rana suna cinye shi tun yadin bai ji komai ba. Zoben ƙarfe maimakon na roba. Maratayi bel ɗin mota nake sawa, daga wurin masu fasa tsofaffin motoci, abin da aka yi don ya riƙe mutum a haɗari ba kilo uku ne zai tsinka shi ba. Inda maratayi ya haɗu da jiki, nan jakar kasuwa ke mutuwa, domin layi ɗaya suke bi. Ni akwati nake ɗinkawa in gicciya a cikinsa, in sa fata a ƙarƙashi.

Sannan wahala. Keken Butterfly na gida ba ya hawa ninki huɗu na tanti da fata a kai, allura yake karyawa. Sai babban keke irin Juki, da allura mai lamba 20 ko 22, shi kuma wuta yake so, kun kuwa san halin da ake ciki da wuta. Wasu wuraren da hannu ake gamawa da basilla. Yini biyu nake a kan jaka ɗaya. A yini biyun nan da riguna na ɗinka na fi samu.

Nana Hadiza: To me ya sa kake yi?

Malam Idi Tela: Riga sai sallah ake tunawa da ni. Jaka kuwa wanda ya rataya ta shi ke kawo mini na gaba.

Baduku: Malam Idi ya ambaci fata ya wuce da sauri, bari in dawo da shi. Ba kowace fata ke zama da tanti ba. Ta akuya, musamman jar akuyar Maraɗi, ita ce ta baki da ado: laushi gare ta, tana lanƙwasa ba ta tsagewa, ita ce Turawa suka daɗe suna saye da sunan fatar Maroko alhali daga ƙasar Hausa take tafiya. Amma gindi da kusurwa ƙirgi suke so, na saniya. Kuma a nemi wadda ta jemu sosai. Majeman Gamkalle a bakin kogi da bagaruwa suke jima, in an bar ta ta sha yadda ya kamata ba ta wari. Wadda aka yi gaggawar cirewa ita ce in damina ta sauka ka shiga aji kowa ya waiwayo. Jan rini ma a goge shi da farin ƙyalle mai ɗan ruwa a gani, in ya fita to farar rigarka ta Juma'a ce za ta sha.

Ni ra'ayina ma, me ya kai mu ga tantin wani? A cibiyar masu sana'ar hannu ta Wadata da gidan tarihi na Boubou Hama dukawa na ɗinka jakar fata zalla da za ta yi shekara goma. Tawa kanta, garin su Zabairu, ba a yi mata gorin aikin fata.

Lawali Mai Gyara: Kawu, jakar ƙirgi zalla ita kaɗai kaya ce. Ƙara kwamfuta mai kilo biyu da rabi, da caja, da littattafai, sannan yaro ya taka daga ɗakin kwana zuwa aji a bazara. Kuma yawancin na Wadata da na gani don takardun ofis aka yi su, ba soso a ciki. Kyau kam akwai.

Baduku: Soso ai sawa ake in an ce a sa. Ba ku faɗa ba ne.

Lawali Mai Gyara: To ga shi na faɗa.

Ɗan Abijan: Na ga Turawa na goga wa tantin kakin zuma da kyandir su narkar, wai ruwa ba ya shiga sam. Malam Idi ka gwada?

Malam Idi Tela: Wannan na ƙasar sanyi ne. Nan in rana ta buɗe sai ya yi danƙo, ƙurar hunturu ta manne, jakar ta koma launin hanya, ya kuma shafi riga. Ruwanmu wata uku zuwa huɗu ne, ƙura kuwa kusan shekara. Ni abin da nake yi, murfi mai saukowa ya rufe zif, da leda mai kauri tsakanin tanti da shafi a ɓangaren kwamfuta. Ya isa ka kai inuwa. Wanda ya tsaya cikin ruwan Agusta da kwamfuta kuwa ba jaka ce matsalarsa ba.

Hajiya Rabi: Ba wanda ya yi maganar wari. Wasu tantunan in an buɗe dila wani wari suke yi mai hawa kai, ni har tari yake sa ni.

Lawali Mai Gyara: Magani ne, Hajiya. Manyan tantunan soja na da ana jiƙa su da sinadaran hana kama wuta da hana ruɓewa, wasu masu tagulla a ciki, shi ne ke ba su maiƙo da warin nan. Kakin wasu rundunoni kuma ana sa masa maganin sauro tun daga masana'anta. In yadi yana maiƙo a hannu ko yana barin kore a yatsa, kada a yi abin da zai kwanta a jikin mutum da shi.

Malam Idi Tela: Haka ne. Irin wannan ko kyauta ba na karɓa. Mai kyau ma sai na wanke shi da sabulu da buroshi, na shanya a inuwa, kafin almakashi ya taɓa shi, domin auduga na tsukewa. In ka yanka kafin wanki, jakar da ka auna wa inci 15 ta koma ta 14. Kuma Zabairu, na san ku ɗalibai, kada ka jefa ƙosai ko kilishi tsirara a ciki.

Zabairu: Malam, kamar kana leƙa jakata.

Nana Hadiza: Ni dai ban ce na yarda ba. In ta yi shekara uku ba ta tsinke ba, ka ɗauko hotonta ka sa a nan, sai in ce araha ba ta ado. Kafin nan kuɗin shinkafa nake gani.

Bashir: Tambaya ta ƙarshe. In aka rina mai zanen ya koma baƙi fa? Ni yadin nake so, da alama ya fi ƙarfi.

Malam Idi Tela: In auduga ne zai sha rini, amma zanen na leƙowa daga ƙasa in ya koɗe. In da nailan a ciki, rinin da muke da shi ba ya kama shi da kyau. Kuma ba ya fi ƙarfi ba, yawancinsa yadin riga ne, bai kai rabin kaurin tanti ba.

Baba Sarjan: Ka ji. Jikata ta ce hannunta ya gaji, wai sai na biya ta. Na bar ku lafiya.

Zabairu: Allah ya saka, Baba, a gaida marubuciya. Na tsaya a kan kore zalla da bakin jar fata. Malam Idi, in na kawo soson da Yaya Lawali ya faɗa da kaina, nawa za ka rage?

Malam Idi Tela: Kawo kwamfutar da cajarta mu auna tukuna. Kada ka zo ranar Juma'a, kuma ka kira kafin ka taso, in ba wuta ba amfanin zuwa.

Baduku: Fatar kuma a wurina za ka saya, Malam Idi. Waccan da na gani a jakar da ka sa hotonta rannan ba ta jemu ba.

Malam Idi Tela: A wurin yaronka na saye ta.